Jar Ƙasa a Kafaɗar Zira

Abin da na fara lura da shi kafaɗar rigarsa ce ta dama. Duk ranar da Zira ya zo gidanmu a wancan hutun Ista, rigarsa a goge take tsaf, amma a kafaɗar dama akwai shafin jar ƙasa, irin wanda hannu ya kakkaɓe bai fita duka ba. Haka ma gefen wandonsa, daga gwiwa zuwa ƙugu. Ni na san inda ƙasar ta fito. Abin da ban sani ba shi ne ba ni kaɗai ke kallo ba.

Bari in mayar da ku baya kaɗan, ku da kuke karanta wannan a waya. Shekarar 1986 ce, lokacin Mubi tana jihar Gongola. Sunana Miriyamu, 'yar Malam Andrawus na Lamorde, dattijon coci. Mamana ta rasu ina firamare, ƙanwar Baba, Goggo Margret, ita ta riƙe ni. Na gama jami'a a Maiduguri, na dawo gida ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Digiri dai na samu, amma bai buɗe mini baki ba. A aji ina zuba kamar rediyo, a gida kuwa in baƙo ya yi sallama sai in tsinci kaina a bayan rumbu ina tsince waken da babu tsakuwa a cikinsa.

Zira malamin lissafi ne kafin ya sa kaki. Ya shiga soja ta hanyar masu digiri, wadda ake ba mutum horo na 'yan watanni a maƙala masa tauraro, in mutum ya yi wasu shekaru ya koma aikinsa, sai in an buƙace shi a kira. Gidansu yana unguwar Kolere, shi da mahaifiyarsa kaɗai. A ƙabilarmu ta Kamwe sunan mutum yana faɗin matsayinsa a ɗakin uwarsa: Tizhe ɗan fari, Zira na biyu. Yayansa Tizhe ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba. Har gobe Maman Tizhe ake kiran tsohuwar, ita ma da shi take amsawa.

Da ƙyar ta yarda Zira ya shiga soja. Sai da ya durƙusa ya rantse mata cewa aikinsa koyar da sojoji karatu ne kawai.

"Sojan alli ne ni, Mama. Abin da zai kashe ni sai dai tarin ƙurar allo."

Ta riƙe wannan maganar kamar yadda ake riƙe littafin waƙa a coci. Duk wanda ya tambaye ta a kasuwa, sai ta ce, "Ɗana ba ya zuwa inda ake mutuwa. Nasa aji ne."

A lokacin babu wayar hannu. Kaset yake aiko mini ta hannun direban motar Kaduna, a naɗe cikin jarida, a rubuce a bayansa waƙoƙin coci don kada Goggo ta tambaya. In na dawo daga makaranta, gida ya yi tsit saboda zafi, sai in rufe ƙofa, in rage sautin rikoda, in kara kunnena. Farko waƙa ɗaya ce ta gaske. Daga nan sai a ji gyaran murya.

"Malama, kina lafiya? Ki zauna tukuna, akwai magana. Na sa sunana cikin masu koyon dirowa daga jirgin sama da laima. An ɗauke ni. Ina barikin Jaji yanzu haka."

Na tsayar da rikodar. Na tashi na sha ruwa, na dawo na kunna.

Ya ba ni labarin gudun asuba da takalma masu nauyi, da wani saje gajere da ba ruwansa da tauraron kowa. Ya ce akwai hasumiya mai tsawon da ya fi kukar bakin kasuwar shanu, a ɗaura wa mutum ɗamara a ce ya faɗo, igiya ta fizge shi har ya ga taurari da rana tsaka. Ya ce ba a bari su hau jirgi tukuna, sai bayan Ista. Kafin nan abu ɗaya ake koya musu safe da yamma: yadda ake faɗuwa.

"Ashe faɗuwa ma karatu ce, Malama. Kuma ni ne daƙiƙin aji. Saje ya ce ƙafafuna ba sa shiri da juna, kowace tana neman hanyarta. Ya ce in na sauka haka daga sama, a buhu za a kwashe idon sawuna." Ya yi dariya, sannan muryarsa ta sauka. "Kada Mama ta ji. Ke kaɗai na faɗa wa. Ki yi mini wannan alkawarin ko ban ji amsarki ba."

Na amsa wa rikoda, ni kaɗai a ɗaki, kamar mahaukaciya.

Na saurari kaset ɗin har batir ya yi sanyi, muryarsa ta koma ja kamar ta tsoho. Sai in cire baturan in shanya su a kan kwanon kicin, rana ta gasa su, in sake samun 'yan kalmominsa. Duk jirgin da ya wuce ta saman Mubi, ko ina tsakiyar darasi, sai allin ya tsaya a hannuna. Ɗalibai suka gane. In sun ji ƙara sai su haɗa baki: "Malama, jirgi!"

Da ya zo hutu ya rame, ya yi baƙi, wuyansa duk sawun ɗamara. Ranar Asabar muka taka zuwa mayo, wato kogi. Bazara ce, ruwan Yedzaram ya janye, sai yashi da mata masu wanki can nesa. Akwai wata gaɓa ta jar ƙasa da ruwa ya zaizaye, tsayinta ya kai ƙirjina. Nan yake zuwa kullum da safe.

"Ba ni hankicinki."

Na ba shi. Ya hau gaɓar, ya matse hankicin tsakanin gwiwoyinsa, ya sa haɓa a ƙirji, ya ɗaga hannuwa ya manne su da kunnuwa. Leɓɓansa suna motsi, yana ƙirgen da ake yi kafin laima ta buɗe. Sai ya diro. Ƙafafunsa na taɓa ƙasa ya saki jiki ta gefen dama, ƙwauri, cinya, ƙugu, kafaɗa, ya mirgina ƙafafu a sama, ya miƙe. Hankicin yana can ƙasa.

"Kin gani? Ya faɗi. In ya faɗi, na buɗe ƙafa ke nan."

Ya sake hawa. Ya sake. Ina zaune a kan dutse ina kallon mutumin da nake so yana jefa kansa ƙasa kamar buhun gyaɗa.

"Laftanan," na ce, don haka nake kiransa in ina jin haushi, "wa ya aike ka? Alli ya ƙare ne?"

Ya zauna kusa da ni yana haki. Ya daɗe yana wasa da yashi.

"Tun ina yaro, duk inda na shiga ni ne wanda ya rage. Kada ka hau itace, kai ka rage. Kada ka je mayo da damina, kai ka rage. Mama in tana kallona, rabin kallon ba nawa ba ne. Ranar da na tsaya a saman hasumiyar nan, sajen nan yana zagina, ranar na ji tsoron nan nawa ne ni kaɗai. Ba gado ba ne." Ya dube ni. "Kin gane?"

Ban gane duka ba, amma na gyaɗa kai.

"Zo ki gwada."

"Allah ya kiyaye."

"Ku mata ai zani ya riga ya koya muku haɗa gwiwa. Zo, daga nan ƙasa-ƙasa."

Na duba hagu da dama, masu wanki sun juya baya. Na hau wani ɗan tudu. Ya gyara mini hannuwa, yatsunsa suna ƙanshin ƙasa. Na rufe ido na diro, na mirgina, yashi ya cika mini ɗankwali. Ya tsaya baki buɗe.

"Kai! Malama, karon farko? A ba ki laimar, ni a ba ni ajinki."

Ban taɓa dariya irin ta ranar ba.

A al'adarmu, mai neman aure yakan zo da abokansa ya yi wa gidan surukai aiki. Baba ya ce jinkar rumbu ta tsufa, ga damina tafe. Bayan Ista Zira ya zo da samari, aka kawo ciyawa da igiyar rama. Goggo ta dama kunun gyaɗa a babbar tukunya, ta yi tuwon dawa da miyar yakuwa. Ni ina kicin ina leƙe ta tsagin ƙofa. Shi ya hau can ƙololuwa ya ɗaure kan jinkar, maƙwabta suna yabon aikin. Baba har murmushi ya yi, abin da ba ya yi sai ranar Kirsimeti.

Da aka gama, an janye tsani ana amfani da shi a bayan ɗaki. Maimakon ya jira, sai ya zamo zuwa bakin jinka ya diro. Jikinsa ya yi abin da aka koya masa. A gaban Baba, a gaban dattawan unguwa, ya zube ta gefe ya mirgina cikin jar ƙasar tsakar gida, ƙafafu a sama, ya miƙe yana kakkaɓe kafaɗa.

Samari suka fashe da dariya. Goggo ba ta yi ba. Na ga ta bi kofin da ya sha kunu da ido. Da suka tafi, ta ɗauki kofin da tsinke, ta rataye shi a kan dangan bayan gida.

Da yamma ta same ni ina gugar kayan makaranta. Goggo kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

"Kai Miriyamu, ajiye dutsen guga. Wannan yaro yana da ciwo."

"Wane ciwo, Goggo?"

"Farfaɗiya." Ta tofar da yawu gefe. "Yau ba farko ba. Na je mayo ɗiban yashi, na gan shi da idona. Shi kaɗai a kan gaɓa, baki yana rawa, hannu ya sandare a kai. Sai ya faɗi, ya birgima. Ya tashi, abin ya sake kama shi, ya faɗi. Na tsaya har ƙafana ya gaji. Kullum riga da ƙasa a gefe ɗaya, kai ba ka gani? Kai mai digiri?"

"Goggo, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Maganar ta zo har bakina. Amma abin da Goggo ta ji da yamma, kafin a tashi daga taron mata na coci ya isa Kolere. Na sunkuyar da kai.

"Wasa yake yi."

"Wasa! Namiji da gemu? Ni na riƙe kai tun kana fitsarin kwance, ba zan ba da kai inda wata rana zai faɗa wuta da jariri a hannu ba. Kuma abin yana bin jini. Na gaya wa babanka."

Ku da kuka yi karatu, na san me za ku ce. Ni ma ina koya wa ɗalibaina cewa ba a ɗaukar wannan ciwo a kofi, kuma mai shi mutum ne kamar kowa. Amma a gidanmu a lokacin, kalmar nan kaɗai ta isa ta rushe aure.

Baba bai yi mini magana ba. Ya aika Kolere cewa yana son ganin Zira da mahaifiyarsa ranar Lahadi bayan sujada. Washegarin ranar Zira zai koma Jaji, kuma a makon ne za su hau jirgi. Na samu na tare shi a bakin coci kafin a shiga.

"Ka faɗa musu."

"In na faɗa, Mama ba za ta ƙara runtsawa ba. Hawan jininta kin sani. Bari in gama, in zo mata da ƙafafuna biyu, sannan ta ji."

"Ni fa?"

Ya buɗe baki, ƙararrawa ta kaɗa, mutane suka raba mu. A kafaɗar farar rigarsa akwai ƙasa. Ko ranar Lahadi sai da ya je mayo.

Maman Tizhe ba ta san dalilin kiran ba. Ta ɗauka ranar sa rana ce. Ta zo cikin atamfar ƙungiyar mata, da ƙwaryar riɗi a kai an rufe da sabon faifai. Ta ajiye ta gaban Goggo tana fara'a, ta cire takalma ta zauna a tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Ni ina sanye da zanin Ista, shuɗi mai zanen ganye, na kawo ruwa na koma bakin kicin na raɓe kusa da turmi. Na lura kofin da Goggo ta ajiye gaban Zira na kan danga ne.

Aka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi zafi. Baba ya yi addu'a. Sannan ya cire tabarau.

"Maman Tizhe, mun daɗe tare, ba zan yi miki kwana-kwana ba. An ga yaron nan yana faɗuwa. Ni ma na gani a gidan nan. Ina so in ji daga bakinku, akwai farfaɗiya a gidanku?"

Fara'ar ta bar fuskarta a hankali.

"Malam Andrawus, ni ka kira ka tambaya wannan? Na haifi biyu. Ɗaya gwamnati ta karɓa da lafiyarsa, ɗaya ga shi zaune. Wa ya ce?"

"Ni na ce," in ji Goggo. "Ido na ya gani. A mayo, a nan kuma."

"Idonki ya tsufa, Margret."

"Ya tsufa amma ya san mutum a tsaye da mutum a kwance!"

Baba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya juya.

"Zira, kana da ciwon nan?"

"Ba ni da shi, Baba."

"To me yake kayar da kai?"

Zira ya dubi mahaifiyarsa. Ita ma shi take kallo, tana jira ya wanke gidansu. Ya mayar da ido ƙasa. Kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta, kowa ya bi ta da kallo don babu mai son kallon wani.

"Ɗana, ina jinka."

"Ba zan iya faɗa yanzu ba, Baba. Ka ba ni wata ɗaya."

"Wata ɗaya na neman magani," in ji Goggo.

Baba ya mayar da tabaransa. Na san wannan alamar tun ina yarinya: ya gama magana.

"Ba na aurar da 'yata cikin duhu. Margret, mayar musu da ƙwaryarsu."

Goggo ta miƙa hannu.

Ku gaya mini, ku me za ku yi? Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba, ko na so ma ba ta fita. Ina ganin yatsun Goggo sun kama bakin ƙwaryar nan, sai na ji ƙafafuna sun tashi da kansu. Na kifar da turmi. Ƙarar ta sa duka suka waiwayo. Na dafa bango na hau.

"Kai Miriyamu! Me kana yi?"

Na haɗa ƙafafu. Na sa haɓa a ƙirji, na ɗaga hannuwa na manne da kunnuwa. Na diro. Ƙwauri, cinya, ƙugu, kafaɗa. Na mirgina a gaban mahaifina cikin zanin Ista, ɗankwalina ya yi nasa wuri, na miƙe tsaye.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Ya sa masa! Na ce a raba kofi!"

"Ba ciwo ba ne, Baba," na ce. Wannan karon muryata ta fita. "Koya ake yi. Ni ma koya mini aka yi. In kana so in sake."

Baba ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Sannan ya juya wurin Zira.

"Kai ka koya mata?"

"Ni ne, Baba."

"A wace makaranta ake koya wa mutum faɗuwa? Don me?"

Zira ya dube ni. Ba fushi na gani a idonsa ba, na ma fi son in ga fushi. Ya gyara zama, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci mahaifiyarsa, ya durƙusa kamar ranar da ya rantse mata.

"Mama, ba aji nake ba tun bayan Kirsimeti. Ina koyon dirowa daga jirgin sama da laima. Wannan faɗuwar ita ce yadda ake sauka kada ƙashi ya karye. Ba wanda ya tilasta mini, ni na nema. Wannan makon za mu hau."

"Daga jirgi?" in ji Goggo. "Na sama? Yana tafiya?" Ta saki ƙwaryar. "Gara farfaɗiya, wallahi. Shi ko yana da magani."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya share fuska da tafin hannu, ya ce a hankali, "To, ba ciwo ba ne. Wannan na ji." Bai ce a mayar da ƙwarya ba, bai ce a shigar da ita ɗaki ba. Kowa ya koma kallon Maman Tizhe.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta gyara ɗaurin zaninta. Ta tako zuwa inda Zira yake durƙushe, ta tsaya a kansa. Na ɗauka marinsa za ta yi. Sai ta sa tafin hannu ta kakkaɓe masa kafaɗar dama, a hankali, kamar yaron da za a tura makaranta. Ta dubi jar ƙasar da ta manne a tafinta. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi tawa kafaɗar.

"Mama," in ji Zira.

Ta sunkuya ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi ta gefen ƙwaryar riɗin ba ta taɓa ta ba, ta fita ta ƙofar zaure ƙafa ba takalmi.